Omega-3 da omega-6: me ya haɗa su da ciwon gaɓoɓi?

Da wuya mai ciwon gwiwa ya shiga kemis ya fito ba a nuna masa ƙwayoyin man kifi masu rubutun omega-3 ba. Omega-3 da omega-6 dangi biyu ne na maiƙon da ke cikin abinci. Jiki na buƙatarsu amma ba ya iya haɗa tushensu da kansa, sai an ci. George Burr da matarsa Mildred ne suka gano haka a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1929, da suka ga ɓerayen da aka hana wa maiƙo sun daina girma, fatarsu ta lalace.

Daga omega-6 jiki ke samar da wasu sinadarai masu suna furostagilandin, waɗanda ke tayar da kumburi da zafi idan an ji rauni ko cuta ta shiga. Wannan ba aibu ba ne, da shi ake warkewa. Matsalar ita ce kumburin da ya ƙi sauka. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac aikinsu toshe hanyar haɗa waɗannan sinadarai ne. Omega-3 na kifi, wato EPA da DHA, ta wannan hanyar shi ma yake bi, sai dai abin da yake haifarwa bai kai wancan zafi ba, wasu ma kwantar da kumburin suke yi. To, daga nan aka samo maganar da ake yi cewa a daidaita cin omega-3 da omega-6.

A duba tukunyarmu. Man gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin uku omega-6 ne, omega-3 kuwa kusan babu. Riɗi ya fi haka. Ga ƙosai, ga ƙuli-ƙuli, ga tsire. Kifin teku mai maiƙo, irin su titus da shawa da sadin na gwangwani, shi ne ke da ƙaranci a kwanonmu, kuma tarwaɗar kiwo ba ta kai su ba. Man waken suya na da wani nau'in omega-3 mai suna ALA, amma ɗan kaɗan jiki ke iya juyawa zuwa EPA.

Ana ta yaɗawa a intanet cewa man gyaɗa guba ne. Ban yarda ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa mutane ba su nuna cin omega-6 na ƙara alamun kumburi a jini ba. Giɓin yana wajen omega-3. Cin kifi mai maiƙo sau 2 a mako ya fi tsorata mutane da man da suka tashi da shi.

Sai dai abin da muke kira amosanin gaɓoɓi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wanda garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa gaɓoɓi hari, ya fi kama mata, yatsu su kumbura su sandare da safe. A nan ne man kifi ya nuna amfani: yana rage sandarewar da yawan shan maganin zafi. Amma sai an kai kusan giram 2.7 na EPA da DHA a rana, har wata 2 zuwa 3. Ƙwaya mai miligiram 1000 da aka fi sayarwa kusan miligiram 300 na EPA da DHA kawai take ɗauke da shi, don haka mai shan ɗaya kullum bai kama hanya ba. Kuma man kifi ba ya maye gurbin methotrexate, maganin asibiti da ke hana gaɓar lalacewa. Ina jin takaicin ganin an ajiye maganin asibiti saboda kwalba mai hoton kifi.

Ciwon gwiwa na tsufa, inda guringuntsi ya zaizaye, hujjar man kifi a kansa ba ta da ƙarfi; rage ƙiba da motsa jiki sun fi. Mai ciwon gawut, wanda ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare, sadin da titus na iya tayar masa da shi. Mai shan warfarin don tsinka jini ya fara tuntuɓar likita kafin ya sha man kifi. Mai juna biyu kuma ta kiyayi man hantar kifi, domin bitamin A ya yi yawa a cikinsa.