Ma'aunin shekara biyar: abin da masu bincike ke nufi da adadin waɗanda suka rayu

Duk wanda ya taɓa karanta rahoton bincike a kan sankarar mama ya ci karo da jimla irin wannan: kashi 90 cikin ɗari na masu cutar suna kaiwa shekara biyar a raye. Mutane suna yi wa wannan jimla fassara iri biyu, kuma dukansu kuskure ne. Wasu suna ɗauka cewa an yanke wa mara lafiya wa'adin shekara biyar, wasu kuma suna ɗauka cewa duk wadda ta tsallake shekara biyar ta rabu da cutar har abada. Ma'aunin shekara biyar ƙididdiga ce ta rukunin mutane: ana tattara duk waɗanda aka gano cutar a jikinsu cikin wani lokaci, a bi sawunsu, sannan a ƙirga nawa ne ke raye bayan cikar shekara biyar daga ranar da aka gano ta. Wadda ta rasu a shekara ta shida da wadda ta ƙara shekara talatin duk layi ɗaya ake sa su, haka kuma wadda ke ci gaba da karɓar magani da wadda babu sauran alamar ciwo a jikinta.

Zaɓen shekara biyar al'ada ce ta masu bincike, kuma tana da dalili, domin nau'o'in sankara da dama, idan za su dawo, a shekarun farko suka fi dawowa, kuma shekara biyar ba ta yi tsawon da za a rasa yawancin waɗanda ake bi ba. Babu wani abu da ke sauyawa a jikin mutum ranar da ya cika ta.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne wace mutuwa aka ƙirga. Akwai lissafin da ke ƙirga kowace mutuwa, ko ta sankara ce ko ta haɗarin mota ko ta ciwon zuciya. Akwai kuma wanda ake kwatanta masu cutar da sauran jama'a masu shekaru da jinsi irin nasu, don a ware abin da cutar kanta ta jawo, kuma shi ne aka fi bugawa a rahotannin ƙasashe. A wannan lissafi na biyu, idan an ce kashi 90, ma'anarsa ita ce damar mai cutar ta kai shekara biyar ta kai tara cikin goma na damar tsararta da ba ta da cutar. Akwai na uku, wanda ke ƙirga lokacin da mara lafiya ta yi ba tare da ciwon ya dawo ba, kuma shi masu gwajin sababbin magunguna suka fi so, saboda sakamakonsa yana fitowa da wuri. Magani yana iya jinkirta dawowar ciwo da watanni ba tare da ya ƙara wa kowa kwana ba, don haka ba daidai ba ne a ɗauki adadin lissafi na uku a karanta shi kamar na farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma ta kashe kimanin 670,000. Alƙaluman da hukumar ta bayar sun nuna cewa ma'aunin shekara biyar ya haura kashi 90 a ƙasashe masu arziki, alhali ya tsaya a kashi 66 a Indiya da kashi 40 a Afirka ta Kudu. Babban abin da ke bayan wannan tazara shi ne matakin da cutar ta kai kafin a gano ta, da kuma ko mara lafiya ta samu kammala jinya. Alƙaluman Amurka sun fito da wannan a fili: idan ƙullutun bai fita daga mama ba, adadin ya kai kusan kashi 99, idan ya kai kaluluwar hammata yana sauka zuwa wajen kashi 87, idan kuma ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu, yana komawa wajen kashi 30. Wannan ne ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala tantancewa cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 su gama jinyarsu. Adadi guda na ƙasa baki ɗaya yana cakuɗa waɗannan rukunai, kuma bai dace da kowace mace ɗaya a cikinsu ba.

Wani zai tambaya yadda ake lissafin idan wasu sun ƙaura, ko sun daina zuwa asibiti, ko kuma shekara biyu kacal suka yi a cikin binciken. Hanyar da aka fi amfani da ita ta fito ne daga Edward Kaplan da Paul Meier, waɗanda suka wallafa ta a 1958. Ana ƙirga kowane mutum iya tsawon lokacin da aka san halinsa, daga nan a cire shi daga lissafi ba tare da an ɗauke shi a matacce ko a rayayye ba. Hanyar tana aiki ne bisa sharaɗin cewa waɗanda suka ɓace ba su bambanta da waɗanda suka rage ba. Inda marasa lafiya ke daina zuwa saboda jiki ya yi tsanani, sharaɗin ya karye, adadin kuma zai fito da kyau fiye da gaskiya.

Tarkon da ya fi kama masu karatu, har da ma'aikatan lafiya, shi ne na gano cuta da wuri. A ɗauki misalin mace da sankara za ta yi ajalinta tana da shekara 60. Idan ta ji ƙullutu tana da 57, za a rubuta cewa ta rayu shekara uku, ba ta kai biyar ba. Idan kuma hoton mama ya nuna ciwon tana da 52, amma jinyar ba ta sauya komai ba, za a rubuta cewa ta rayu shekara takwas, ta shiga sahun waɗanda suka tsallake. Ranar rasuwarta ɗaya ce, lokacin fara ƙirga ne kawai ya matso baya. Ba ana nufin gwajin wuri ba shi da amfani ba, domin a sankarar mama yana ceton rai. Abin nufi shi ne ma'aunin shekara biyar ba ya iya tabbatar da hakan shi kaɗai. Masu bincike suna duba yawan mace-macen da cutar ke jawowa a cikin jama'a baki ɗaya, domin wannan adadi ba ya motsawa don an sauya ranar ganowa.

Sankarar mama kuma ba cuta guda ba ce, kuma shekara biyar ba ta yi wa nau'o'inta adalci iri ɗaya. Nau'in da ba ya jin maganin da ke toshe sinadaran jiki (hormone) kuma ba ya ɗauke da alamar HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ciwon, yakan dawo, idan zai dawo, cikin shekarun farko, don haka wadda ta wuce biyar ta tsallake mafi yawan haɗarin. Nau'in da ke girma da estirojin, wato sinadarin jikin mace, nau'in da ya fi yawa, halinsa daban ne: wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa yana ci gaba da dawowa a hankali har zuwa shekara ashirin bayan ganowa, ko da an sha magani na shekara biyar. Irin wannan sakamako ne ya sa ake ba wasu mata tamoxifen, maganin da ke toshe aikin estirojin, na shekara goma. Ga kuma matsalar tsufan alƙaluma, domin duk adadin da aka buga yau na matan da aka yi wa jinya aƙalla shekara biyar da suka wuce ne. Maganin trastuzumab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, ya sauya makomar masu nau'in HER2 sosai, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin sauyin ya bayyana a teburin ƙididdiga.

A fannin dashen gaɓoɓi ma ana amfani da ma'aunin, sai dai a nan abu biyu ne ke iya rayuwa ko mutuwa: mutumin da kuma gaɓar da aka dasa masa. Wanda ƙodar da aka dasa masa ta daina aiki yana iya komawa wankin ƙoda ya ci gaba da rayuwa, wani kuma yana iya rasuwa ƙodar na aiki lafiya. Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore a Boston a 1954 tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, inda jiki bai da dalilin ƙin baƙuwar gaɓa. Ga sauran mutane dole ne a danne garkuwar jiki da magunguna, kuma duk abin da ya hana jiki yaƙar ƙodar yana rage masa ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta. Likitoci sun san jerin lokutan: a watan farko cututtukan tiyata da na zaman asibiti ne suka fi yawa, daga wata ɗaya zuwa shida sai ƙwayoyin da ba sa cutar da mai cikakkiyar garkuwa su samu dama, musamman wata ƙwayar cutar bairas da ake kira CMV, wadda haɗarinta ya fi tsanani idan mai bayarwa yana ɗauke da ita mai karɓa kuwa bai taɓa haɗuwa da ita ba, bayan haka sai cututtukan da kowa ke kamuwa da su. Saboda haka rahoton da ya yabi magani don ya rage ƙin gaɓa, bai kuma faɗi nawa suka kamu da cuta mai tsanani ba, rabin labari ya bayar. Har kalmar kamuwa tana buƙatar bayani, domin ganin CMV a gwajin jini daban ne da ciwon da ya taɓa hanji ko huhu, kuma binciken da ya ƙirga na farko zai fito da adadi mafi girma fiye da wanda ya ƙirga na biyu.

Inda ma'aunin ya fi gazawa, a ganina, shi ne wajen tsofaffi. Mace mai shekara 80 tana da abubuwa da yawa da za su iya riga sankara kai ta kabari, kuma an daɗe ana barin masu irin shekarunta a wajen gwaje-gwajen magani, ta yadda alƙaluman da ake nuna mata yawanci na tsarar 'ya'yanta ne. Shekarun haihuwa ma ba su isa a auna da su ba. A 2001 Linda Fried da abokan aikinta suka bayyana raunin tsufa da alamu biyar: rama ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙa, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki, wanda ke da uku daga ciki ana ɗaukarsa mai rauni, kuma shi ne tiyata ko magani mai ƙarfi ya fi kayarwa. Tun 1963 kuma Sidney Katz ya tsara ma'aunin ayyukan yau da kullum, wato wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannun kai. Ga tsofaffin mata da yawa, tambayar ko za su ci gaba da yin waɗannan ba tare da an taimaka musu ba ta fi ta shekara biyar nauyi.

Wani gwaji da aka fara a Amurka a 1994 ya nuna yadda waɗannan lissafai ke rabuwa. An ɗauki mata 636 masu shekara 70 zuwa sama, masu ƙaramin ƙullutu na nau'in estirojin da aka riga aka cire, aka ba dukansu tamoxifen, sannan aka yi wa rabi gashi, wato ƙona sauran ƙwayoyin ciwon da hasken radiyeshan, aka bar rabi. Bayan shekara goma, ciwon ya dawo a mama ko kusa da shi ga kimanin kashi 2 na waɗanda aka yi wa gashi, da kimanin kashi 10 na waɗanda ba a yi wa ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce gashi ya zama dole. Amma adadin waɗanda ke raye kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kashi 67 da kashi 66, kuma zuwa ƙarshen bibiyar, wadda ta zarce shekara goma, cikin dukan matan kimanin kashi 3 ne sankarar mama ta kashe, alhali kusan rabinsu wasu cututtuka ne suka yi ajalinsu. Bisa wannan sakamako ne ƙa'idojin jinya suka amince cewa ana iya barin gashi ga irin waɗannan mata, bayan likita ya zauna da mara lafiya ya nuna mata adadin biyu ta zaɓa.