Waiwaye: Dukan Tsofaffi a Gidajen Kula na Amurka da Gwagwarmayar Iyalai ta Isa Kotu

"Faɗuwa ya yi." Amsar da iyalai suka saba ji ke nan a gidajen kula da tsofaffi na Amurka idan suka je dubiya suka tarar da rauni a jikin uba ko uwa. Wani lokaci gaskiya ne, tsoho yakan faɗi. Amma shatin yatsu a damtse, ko sawun ɗauri a wuyan hannu biyu, ba faɗuwa ke kawo su ba. Wanda abin ya shafa kuma sau da yawa cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, in ma ya faɗa sai a ce ruɗin tsufa ne.

Irin waɗannan gidaje sun kai kusan 15,000 a ƙasar, mazaunansu sun haura miliyan ɗaya, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na gidajen 'yan kasuwa ne masu neman riba. Dokokin hana cin zarafi ba su yi ƙaranci ba. Abin da aka daɗe ana artabu a kansa shi ne ko iyalin wanda aka daka za su samu su tsaya gaban alƙali.

Asalin harkar daga kuɗin gwamnati ta taso. Kafin 1935, tsohon da ba shi da kowa gidan gajiyayyu na ƙaramar hukuma ake kai shi, kuma waɗannan gidaje sun yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da wulaƙanci. Dokar tallafin jama'a ta 1935 ta hana a biya kuɗin tsufa ga wanda ke zaune a irinsu, da nufin gidajen gajiyayyun su mutu. Gidajen sun mutu ɗin, sai masu gidajen haya suka buɗe ƙofa suna karɓar tsofaffi da kuɗin tallafinsu. Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a shirye-shiryen Medicare da Medicaid, na biyan kuɗin jinyar tsofaffi da marasa hali, a 1965, kuɗi suka kwararo, gidaje suka yi ta tsirowa, masu sa ido kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Asiri ya tonu a shekarun 1970. Sanata Frank Moss ya yi shekaru yana jagorantar zaman jin bahasi a majalisar dattawa. A Niyok, 'yan jarida da masu bincike suka bankaɗo halin da tsofaffi ke ciki a gidajen wani attajiri, Bernard Bergman. A 1976 kotun tarayya ta yanke masa ɗaurin wata huɗu, daga baya jiha ta ƙara masa shekara ɗaya. Laifin da ya amsa a kotun tarayyar na zambar kuɗin Medicaid da haraji ne. Wato an hukunta shi kan abin da ya yi wa baitulmali, jikin tsofaffin bai shiga lissafi ba. Abin kirkin da ya fito daga wannan zamani shi ne ofishin karɓar koke-koken mazauna gidajen, wanda dokar 1978 ta wajabta wa kowace jiha, kuma har yau kyauta yake aiki.

Babban sauyi ya zo a 1987, bayan rahoton cibiyar nazarin lafiya ta ƙasa na 1986. Dokar gyaran gidajen kula da tsofaffi, wadda Shugaba Ronald Reagan ya rattaba wa hannu, ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa mazauni yana da haƙƙin kada a dake shi, kada a kulle shi shi kaɗai ba da sonsa ba, kada a ɗaure shi ko a ɗura masa magani don horo ko don ma'aikata su huta. Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da ɗauri. Wata 'yar shara ce ta ƙyalle mai igiyoyi, a sanya wa tsohuwa, a zagaya da igiyoyin bayan kujera a ƙulle inda hannunta ba zai kai ba, ta wuni a haka, fitsari ma a nan. A ƙarshen shekarun 1980 wajen kashi 40 cikin ɗari na mazauna gidajen ana ɗaure su ta wata hanya, kuma ana kiran wannan kariya daga faɗuwa. Wasu sun zame cikin rigar sun shaƙe har lahira. Bayan dokar, ɗauri ya ragu ƙwarai, kuma wannan nasara ce ta gaske da bai kamata a rage mata daraja ba.

Sai dai dokar ta bar giɓi. Ta ba masu bincike ikon cin tara da yanke kuɗin gwamnati, amma ba ta faɗa a fili cewa iyali za su iya kai ƙara da ita ba. Dole suka koma kan dokokin jiha na sakaci, da duka, da kisan da ba na ganganci ba. A nan ma akwai tarko. Diyya a Amurka tana dogaro sosai da albashin da mutum ya yi asara da shekarun da suka rage masa. Ɗan shekara tamanin da biyar ba ya da albashi, kuma a wasu jihohi in ya rasu kafin a gama shari'a, diyyar azabar da ya sha ta bi shi kabari. Lauyoyi, waɗanda sai an ci shari'a suke yankar kasonsu, suka riƙa kauce wa irin waɗannan ƙararraki. Jihar Kalifoniya ta gyara dokarta a 1991 ta yadda wanda aka kama da mummunan sakaci ko mugunta zai biya kuɗin lauya, diyyar azaba kuma ta ci gaba bayan mutuwa. Ba kowace jiha ta yi haka ba.

Dukan bai tsaya ba. Rahoton da ɗan majalisa Henry Waxman ya fitar a 2001 ya nuna gidaje 5,283, kusan ɗaya cikin uku, an kama su da laifin cin zarafi cikin shekara biyu. A wannan shekarar Tekzas ta zama jiha ta farko da ta halatta wa iyali su kafa kyamara a ɗakin mahaifinsu. Dokar tarayya ta 2010 ta tilasta wa ma'aikata su sanar da 'yan sanda da hukumar jiha cikin awa biyu in akwai mummunan rauni, cikin awa 24 in babu. Duk da haka, a 2017 babban mai binciken ma'aikatar lafiya ya duba mutum 134 da aka kai asibitin gaggawa da alamun cin zarafi, ya tarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu babu shaidar an kai maganarsu ga 'yan sanda.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne takardar ranar shiga. Asibiti ya sallami tsoho, ana matsa wa 'yarsa ta samo gado yau-yau, a miƙo mata tarin takardu a nuna mata inda za ta sa hannu. A cikinsu akwai wadda ta ce duk wata rigima nan gaba, har da duka da mutuwa, ba za a kai kotu ba, sai gaban mai raba gardama mai zaman kansa, a ɗaki rufe, kuma hukuncinsa da wuya a ɗaukaka ƙara a kansa. Ba ta san ta sallama haƙƙi ba sai ranar da ta buƙace shi. Sirrin kuma yana nufin iyali na gaba ba za su taɓa jin abin da ya faru a gidan ba.

Gwamnatin Obama ta haramta irin wannan yarjejeniya a 2016, wani alƙalin tarayya a Misisifi ya dakatar da haramcin kafin ya fara aiki. A 2017, a shari'ar Kindred, kamfanin gidajen kula da tsofaffi daga jihar Kentaki, inda matar wani mamaci da 'yar wata mamaciya suka sa hannu a matsayin wakilai, Kotun Ƙoli ta rushe ƙa'idar da kotun jihar ta kafa don kare iyalai, da rinjayen alƙalai bakwai da ɗaya, tana dogaro da dokar tarayya ta 1925 kan raba gardama a wajen kotu. Ƙa'idar da ke aiki tun 2019 ta halatta takardar, amma ta hana gida ya mai da ita sharaɗin ba da gado, kuma wanda ya sa hannu yana da kwana 30 ya janye. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba.

Wata ƙofa ta buɗe a watan Yunin 2023. A shari'ar Talevski, wani mai cutar mantuwa a Indiyana wanda iyalinsa suka ce an riƙa kwantar da shi da magunguna masu gusar da hankali, Kotun Ƙoli ta yanke, bakwai da biyu, cewa ana iya kai ƙara kan haƙƙoƙin dokar 1987 ta hanyar tsohuwar dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta 1871. Shi kansa ya rasu kafin hukuncin. Ƙofar kuma ƙarama ce, domin gidajen da hukuma ta mallaka kaɗai ta shafa, su ne kuwa 'yan tsiraru.

Don haka iyalin da suka ga rauni a yau hanyoyinsu sanannu ne: 'yan sanda in duka ne, hukumar jiha mai ba gidajen lasisi, ofishin karɓar koke, sannan lauya. Hoto mai kwanan wata, da kwafin takardun jinya, da likitan da ba na gidan ba, su ke riƙe shari'a, domin rauni yana bajewa kuma ma'aikata suna yawan barin aiki. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne, a wasu jihohi shekara ɗaya tak, a da yawa biyu ko uku.

Tushen da ke haifar da yawancin abin, wato ƙarancin ma'aikata, har yanzu yana nan. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar cewa kowane mazauni ya samu aƙalla awa 3.48 na kulawa a rana. Masu gidajen suka garzaya kotu, kuma a Afrilun 2025 wani alƙalin tarayya a Tekzas ya soke ta.