Mene Ne Ɓoyayyar Wutar Ƙarƙashin Kabad?

A sababbin gidajen da ake ginawa a Birnin Kebbi, musamman wajen Gesse da Bayan Kara, idan uwargida ta zauna da kafinta za a yi cinikin kabad ɗin kicin, yanzu da wuya a tashi ba a ambaci ɓoyayyar wuta ba. Yawancinmu a falo muka fara ganin ta, inda ake zagaye silin da haske ba tare da an ga ƙwai ko ɗaya ba. Ta kicin kuwa ba don ado ake sa ta ba, don aiki ne.

Fitila ce da ake maƙalawa a ƙasan kabad ɗin da ke jikin bango, ta haska kantar da ake yanke-yanke a kai, a kuma ɓoye ta yadda ido zai ga hasken amma ba zai ga inda yake fitowa ba. Dalilin buƙatarta a fili yake. Ƙwan da ke tsakiyar silin a bayan mai girki yake, saboda haka inuwarta ce ke faɗawa kan abin da take yi. Ga kuma kabad ɗin sama, mai zurfin santimita 30 zuwa 35, ya tare sauran hasken daga kantar da faɗinta bai wuce 60 ba. Duk macen da ta taɓa tsintar shinkafar gida bayan magariba, ko gyaran kifin Yawuri da wuƙa mai kaifi, ta san wannan duhun.

Abin da ya sa aikin ya yi sauƙi a yau shi ne zaren LED, wani siririn kaset mai ƙananan ƙwayaye a jere, faɗinsa milimita 8 zuwa 10, ana sayar da shi a naɗe, mita 5 kowane naɗi. Farin haskensa ya samo asali ne daga shuɗin LED da masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2014. Kafin nan akan sa irin su dogon ƙwai, mai kauri da wuyar ɓoyewa.

Hanyar da kafintocinmu suka fi sani ita ce sa leɓe. Ana buga siririn katako da zai sauko santimita 3 zuwa 4 a bakin kabad ta ƙasa, a liƙa zaren a bayansa. Wasu kuma ƙofar kabad ɗin suke ƙara wa tsawo ta sauko ƙasa da gindinsa, sai ta rufe wutar, ta kuma zama wurin sa yatsa a buɗe. Duka biyun suna yi wa wanda ke tsaye. Amma a kicin ɗinmu ba kullum ake aiki a tsaye ba. Ana jawo kujera 'yar tsugune a zauna a fere doya ko a gyara zogale, yara kuma na shigowa, kuma duk wanda idonsa ke ƙasa da gindin kabad, ƙwayayen kai tsaye za su soke shi. Zanen da aka kwaso daga waya bai san da wannan zaman ba. Shi ya sa nake ganin leɓe kaɗai bai isa ba a nan.

Abin da ya fi shi ne kwarin aluminiyam mai farin murfin roba. Kafinta ya ƙwaƙule layi a ƙasan allon, zurfin milimita 7 ko 8 a allo mai kaurin 18, ya nutsa kwarin ya yi daidai da fuskar katako. Zaren na ciki, murfin ya baza hasken ya zama layi ɗaya mai taushi. Aluminiyam ɗin kuma yana janye zafi daga ƙwayayen, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Gam ɗin da ke zuwa a bayan zaren ba ya jure wannan zafi idan ya haɗu da tururin tukunya. A kan katako tsirara, sai ka ga gefe ɗaya ya saki yana lilo. Murfin yana kare ƙurar hunturu da maiƙo, tsumma ɗaya ya goge shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, wato kai wutar can ciki jikin bango don ta fi ɓoyuwa. Ta ɓoyu kam, amma tayil take haskawa, bakin kantar da hannu ke aiki na nan cikin duhu. Wurinta na gaba ne, kamar santimita 3 zuwa 5 daga bakin kabad. Sannan a dubi abin da ke ƙasa. Baƙin dutse mai sheƙi madubi ne: duk ƙwayar da ka ɓoye a sama, zai nuna maka ita a ƙasa, ɗigo-ɗigo. Maganin shi ne zare mai ƙwayaye 120 ko fiye a kowace mita maimakon 60, ko irin wanda ake kira COB, wanda haskensa ba ya rarrabuwa.

Wayar ma sai an ɓoye ta, kuma a nan ne ake samun saɓani. Zaren LED da bolt 12 ko 24 yake aiki, wutar da Kaduna Electric ke kawo mana kuwa 230 ce, don haka dole a sami ƙaramin akwatin da ke sauke ta, wanda masu wayarin ke kira direba. Wurinsa saman kabad ne, ko wani lungu mai iska da hannu zai iya kaiwa, domin sau da yawa shi ke fara mutuwa. Kada a yarda a binne shi a bayan allo. Lissafinsa ba wuya: zare mai cin wat 9.6 a mita, idan mita 3 ne, ya kusa wat 29, sai a sayi direba mai wat 36 ko 40 don kada ya riƙa aiki a maƙure. Idan layin zai wuce mita 5, a ɗauki mai bolt 24, in ba haka ba ƙarshensa zai dusashe. Ramin da waya ta bi a toshe shi da silikon, domin kyankyaso ba ya raina ƙofa.

Gidan da ke da sola zai iya ɗora wannan wuta a layin inbata ba tare da damuwa ba, tunda cinta bai kai na fankar silin ɗaya ba. Masu son haɗa ta kai tsaye da batir su sa abin daidaita wuta a tsakani, don batir mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji, kuma hakan na rage wa zaren kwana.

Game da launin haske, wanda ake rubutawa a kwali da lamba da harafin K, ni 4000K nake ba da shawara. Mai 6500K, wanda ya cika kasuwa, yana mayar da nama da manja fari-fari, mai 2700K kuma rawayarsa ta yi yawa ga mai neman tsakuwa a shinkafa. A duba kwalin a ga CRI 90 ko sama, wato ma'aunin yadda haske ke nuna launin abu na gaskiya. Kusa da wurin wanke-wanke a sa mai IP65, wato wanda ke jure ƙura da feshin ruwa. Saman murhun gas kuwa kada a bi da zaren ko kaɗan.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan an bari sai kabad ya hau bango. Kafinta zai ce, "Hajiya, ai wannan aikin mai wayarin ne." Mai wayarin ya zo ya ce, "Hajiya, ba a bar mini hanya ba." Daga nan sai fasa tayil, ko a bar waya a fili. A tara su biyun rana ɗaya tun bango na filasta, a nuna inda soket ɗin direba zai zauna a sama da kabad, inda makunni zai kasance kusa da ƙofa, da layin da za a ƙwaƙule kafin a haɗa allunan. Wanda kabad ɗinsa ya riga ya hau, akwai kwari mai kusurwa da ake ɗaurewa da sukuru a bayan leɓe, murfinsa na fuskantar bango, waya kuma ta bi ta kusurwar cikin kabad zuwa sama.