Shiga filin tsere da motar da kake zuwa aiki da ita: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da samarin Sakkwato suka ji cewa na yi shekaru ina shiga filin Zwartkops da ke kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu da motar da nake zuwa aiki da ita, ban sake shan shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya sayo BMW ko Mustang ko Nissan 350Z daga Kwatano sai ya taras da ni a majalisa bayan sallar isha'i, ya jera mini tambayoyin da wani ya jera jiya. Na rubuta amsoshin sau ɗaya domin in riƙa tura wa mai tambaya. Abin da nake nufi da ranar fili shi ne ranar da masu filin tsere suke buɗe ƙofa ga gama-garin direbobi, kowa ya biya kuɗi ya zagaya da motarsa, ba gasa, ba kofi, ba wanda ya zo na ɗaya.

Sai na ƙara wa injin ƙarfi kafin in je?

A'a. Ƙarfin da motarka take da shi ya riga ya fi wanda ka iya sarrafawa. Ka bar kwamfutar injin yadda kamfani ya saita ta.

Salansa mai ƙara fa?

Ba ta ƙara maka komai sai haushin maƙwabta. Filaye da yawa ma suna da iyakar ƙarar da suka yarda da ita, wanda ya wuce ta sai a fitar da shi.

Ina filin yake a Sakkwato?

Babu shi. Western Bypass ba filin tsere ba ne, hanyar Illela ba filin tsere ba ce, haka nan juya mota cikin taron biki da yara suna tsaye a gefe ba gwaninta ba ce, ganganci ne da rayukan mutane. Dokar hanya ta ƙasar nan ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 cikin awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 kuma a cikin gari. Wanda yake son fili na gaskiya sai ya yi tafiya. Akwai wanda aka gina domin tseren mota a Evbuobanosa ta jihar Edo, a waje kuma akwai Kyalami kusa da Johannesburg, da Dubai Autodrome, da Yas Marina a Abu Dhabi. Wannan nisan shi ne dalilin da ya sa nake matsa muku a kan shiri, domin motar da ta lalace a Edo ba a tura ta zuwa Mabera.

Man birkina bai ragu ba, me ya sa kake cewa a canza shi?

Domin ba yawansa nake tambaya ba, shekarunsa nake tambaya. Man birki yana jan danshi daga iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Ana rarraba man birki da lambar DOT da take jikin gwangwaninsa. Mafi ƙarancin zafin da aka yarda sabon DOT 3 ya tafasa a kai shi ne digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 4 ɗin nan yana iya saukowa zuwa 155. A cikin gari ba za ka taɓa gane bambancin ba. A fili kuwa, inda za ka take birki da ƙarfi daga gudu mai yawa sau bakwai ko takwas a kowane zagaye, man zai tafasa, tururi ya taru cikin bututu, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa kamar ka taka auduga. A zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba sabo 'yan makonni kafin ranar, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. ATE Typ 200 ko Motul RBF 600 sun ishe ka. Kada wani ya sayar maka da DOT 5 da sunan lambarsa ta fi 4 girma, domin shi da silikon aka yi shi, ba ya gauraya da sauran.

Bakanikena ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce haka ake yi wa motar ƙasar zafi. Ba daidai ba ne?

Wannan tambayar ce take fi tayar mini da rai. Wani yaro ya taɓa kawo mini BMW E46, yana bugun ƙirji yana cewa, "Baba, motag ga ba ta san zahi ba." Na buɗe murfin tankin ruwa da safe kafin a tayar da injin, sai ga ruwa ja-ja-ja kamar na kududdufi, da ɓarɓashin tsatsa a yatsana. Ruwan rijiya ne zalla, tamostat kuwa, wato 'yar na'urar da take daidaita zafin ruwan inji, an daɗe da jefar da ita. An ɓoye ciwon ne ba a warkar da shi ba. A mayar da tamostat, a wanke lagireto ciki da waje domin ƙurar hunturu tana toshe haƙoransa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a matsa kowane tiyo da hannu a ji ko ya yi laushi ko ya tsattsage. E46 ta yi suna da fashewar tankin ruwanta na roba da mutuwar famfon ruwa, saboda haka idan ba ka san shekarunsu ba, ka canza su. Baƙin mai ma a zuba sabo, a cika shi daidai layin sama, kada a wuce. Idan motarka tana nuna zafin baƙin mai, ka ga ya haura 130, ka sassauta ka yi zagaye ɗaya a hankali. Nissan 370Z da kanta take rage wa injin ƙarfi idan man ya yi zafi da yawa. Mu da muka san Afrilu da zafinsa na sama da digiri 40 bai kamata a koya mana tsoron zafi ba.

In sa takalmin birki na tsere in bar shi ina yawo da shi a gari, ko in riƙa canzawa duk lokacin da zan shiga fili?

To, wannan ita ce tambaya mai ma'ana, kuma ba ni da amsa guda da zan ba kowa. Takalmin birki, wato farantin nan da yake matse faifan birki, kowane iri da zafin da aka yi shi domin ya yi aiki a ciki. Na gida yana kamawa tun daga takawar farko da asuba, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma idan zafi ya wuce iyakarsa sai ya fara santsi. Alamar wannan ta bambanta da ta tafasar mai: birkin yana nan da tauri a ƙarƙashin ƙafarka, motar ce kawai ta ƙi tsayawa, ga kuma wari kamar ana ƙona roba. Na tsere yana jure zafin da na gida ba ya jurewa, sai dai irinsa da yawa ba sa kamawa sosai sai sun ɗumama, suna kuka kamar tsohuwar tifa, suna baƙanta ƙafafun mota da ƙura, kuma idan ana aiki da su a sanyi suna cin faifai kamar magagari. Ka tuna cewa wannan motar ce za ka kai yara makaranta da ita da sanyin safiyar Janairu, ɗan kabu-kabu ya gitta maka ba zato, kana buƙatar birki a takawar farko, ba ta uku ba.

Idan ranarka ce ta farko ko ta biyu, kuma motar ba ta da nauyi, irin Mazda MX-5 ko Toyota 86, mai yiwuwa takalmin gida mai kyau, sabo ko wanda bai ci rabi ba, tare da sabon man birki, ya fitar da kai, domin sabon shiga bai cika gudun da zai ƙona birki ba. Na ce mai yiwuwa, saboda akwai sabon shigan da tsoro yake sa shi ya riƙa jan birki a hankali tun daga nesa har cikin kwana, kuma wannan dogon jan yana hana birkin samun lokacin hucewa. Idan motar mai nauyi ce mai ƙarfi, irin Mustang ko BMW 335i ko Mercedes C63, ban yarda da takalmin gida ba ko da rana ɗaya, domin zafin da birki yake sha yana ƙaruwa da nauyi, yana kuma ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Akwai na tsaka-tsaki da ake sayarwa da sunan ya dace da titi da fili. Ga wanda zai shiga fili sau biyu a shekara, shi nake fi ba da shawara, amma ka sani cewa ba zai yi shiru kamar na gida ba, ba kuma zai jure kamar na tsere ba, sannan ranar da hannunka ya faɗa ko ka sa tayoyi masu riƙo sosai, za ka wuce iyakarsa.

Canzawa kafin fili da bayansa ita ce hanya mafi tsabta, idan kana da haƙuri, ga kuma bakaniken da ka amince da shi. Ko nan ma akwai sharaɗi. Kowane takalmi yana shafa wa faifai wani siririn ɓawo daga jikinsa, idan aka ɗora wani iri a kan ɓawon wani, wani lokaci sitiyari yakan riƙa rawa in an taka birki, mutane su ce faifai ya lanƙwashe alhali ba haka ba ne. Shi ya sa wasu suke ajiye faifai biyu-biyu, wasu kuma su sayi takalman biyu daga kamfani ɗaya. Kowanne ka zaɓa, dole a zaunar da sabon takalmi kafin ranar, ta hanyar taka birki da matsakaicin ƙarfi sau da yawa a jere ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ya huce, bisa yadda kamfanin ya rubuta a kwali. Abin da ya fi duk wannan damuna shi ne jabu. Kwali mai kyau ba shaida ba ne, kuma takalmin da ba ka san asalinsa ba, gara ka bar wanda yake jikin motar idan yana da nama.

Tayoyina na Beljiyam ne amma zanensu bai ci ba. Za su yi?

Duba gefen tayar, a ƙarshen rubutun da ya biyo bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu. Idan ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ta sha ranar Sakkwato, ta bushe ko da zanenta yana nan. Wadda aka yi wa faci a gefe, ko ta yi ƙulu, ba ta shiga fili. Ka sayi ma'aunin iska naka, kada ka dogara da mai faci da yake buga taya da sifana ya ce ta yi. Iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, saboda haka ka fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka auna da zarar ka fito daga zagayen farko, ka rage abin da ya hau kaɗan-kaɗan.

Hular kwanon 'yan kabu-kabu za ta yi?

Ba za ta yi ba. Ka nemi mai tambarin inganci na Snell SA2020, ko aƙalla ECE 22.06 idan masu filin sun yarda da ta babur. Ka tambaye su tun kana gida.

Inshora za ta biya idan na buga?

Wadda ka biya naira 15,000 tun daga 2023 ta wanda ka buge ce a kan titi, ba ta motarka ba. Babbar inshorar ma, wadda take biyan ɓarnar motarka, ka karanta takardarka, za ka ga an cire tsere da gwajin gudu.

Ina jin tsoro kada a yi mini dariya domin ina tafiya a hankali.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ana raba mutane rukuni-rukuni, sababbi da sababbi, kuma sau da yawa akan sa malami ya zauna a gefenka. Ba wanda yake kallon mai tafiya a hankali, matuƙar yana duba madubi yana ba da hanya a inda aka ce a bayar. Ni a ranata ta farko wata ƙaramar Golf ta wuce ni sau uku, tsohon da yake tuƙa ta kuma shi ya zo daga baya ya nuna mini inda nake shiga kwana da wuri.

In kashe na'urar da take hana mota zamewa?

Kada ka taɓa ta. Idan malamin fili ya ce ta fara takura maka, sai mu yi magana.

Fetur ɗinmu fa?

Yawancin motocin nan an yi su ne domin mai lamba 95 ko 98 a ma'aunin ingancin fetur da ake kira oktan, namu kuwa sau da yawa bai kai nan ba. Injin zai kare kansa ta hanyar rage ƙarfi, musamman da zafi, kuma wannan wani dalili ne na barin kwamfutar injin yadda take. Ka sha mai a gidan man da ka sani, ba na bumburutu ba, kuma kada ka bar tanki ya yi ƙasa da rabi, domin a doguwar kwana man yana gudu gefe ɗaya famfo ya ja iska.

Me zan yi idan na fito daga fili?

Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, kana taɓa birki kaɗan ƙwarai, domin iska ta sanyaya shi. Idan ka tsaya kada ka ja hambirki, kada kuma ka bar ƙafarka a kan birki, saboda takalmi mai zafi yana manne wa faifai ya bar masa tabo. Ka tare taya da dutse, ka buɗe bonet, ka bar injin ya yi aiki minti biyu ko uku, musamman mai turbo, idan ka kashe shi kuma ka sa giya. Notin taya a duba su da sifana mai ma'auni bayan sun huce, ba suna da zafi ba, kuma na E46 120 Nm ne a ma'aunin sifanar. Kafin ka kama hanyar gida ka leƙa takalman birki da tocila, har na ciki, domin shi ne ba a gani daga waje kuma sau da yawa ya fi na waje ci. Sannan ka mayar da iskar da ka rage, tun da tayoyin da suka yi daidai da zafin fili za su kwana su wayi gari a sace, ga kuma ramukan hanyar Gusau suna gabanka.