Yadda ake auna amfanin ƙungiyar agaji ga jama'a

Ƙungiya ta ce ta gina rijiyoyi goma, ta horar da mata ɗari biyar. Wannan bai isa shaida ba?

Wannan lissafin aiki ne kawai. Abin aunawa shi ne abin da ya sauya a gidajen mutane. Cikin rijiyoyin, nawa ke ba da ruwa a tsakiyar rani bayan shekara biyu? Cikin matan, nawa ke sana'ar har yanzu?

Daga ina ake farawa?

Tun kafin furoje ya taka ƙauye. A zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, a rubuta dami nawa na hatsi suka samu, wata nawa rumbu ke riƙe su, nawa tiya take a kasuwa. Daga baya a koma wa gidajen nan, a daidai watan da aka yi awon farko. Nan ake yawan tafka kuskure: awon farko a Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, na biyu a kaka. Dole a ga ci gaba, amma na girbi ne.

Tamowa fa?

Ana auna tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da zaren awo mai launi uku. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Idan aka matse zaren ko aka sassauta shi, lissafi ya ɓaci. A ma'aunin Sphere, ƙa'idojin aikin agaji na duniya, ana son sama da kashi 75 cikin ɗari na yaran da ake yi wa magani su warke, masu daina zuwa karɓar magani kuma su gaza kashi 15.

Ta yaya za a san ƙungiyar ce ta kawo sauyin?

A kwatanta da ƙauyen da furoje bai shiga ba, mai irin ƙasa da ruwan sama. Ba a gwada Dakoro da Madarunfa, don ruwan samansu ba ɗaya ba ne. A kuma tambayi kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa, don mai yiwuwa su ne suka kawo sauyin.

Me ya sa amsoshi ke yaudara?

Kunya da sa rai. Ma'aikacin ƙungiya bai kamata ya yi tambayar ba, kuma mata a ji su daban, ba a gaban maigari ba. Ga asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashi da bashi da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, a je ranar zubi bayan furoje ya tashi, a ga ko ana buɗe akwati, ana biyan bashi.