Wa ke biyan kuɗin wasan mota a jigayin yashi na Kalifoniya?

A bakin teku a tsakiyar jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin gundumar San Luis Obispo, akwai wani fili da ake kira Oceano Dunes. Jigayi ne na yashi, tudu bayan tudu, kuma ranar hutu ƙarar inji ce ke fara yi maka maraba. Babura masu ƙafa huɗu, ƙananan motoci da ba su da komai sai ƙarafa da manyan tayoyi, kowanne da doguwar sanda a bayansa da 'yar tuta ja ko ruwan lemo a samanta, domin wanda ke hawowa daga ɗaya ɓarin tudun ya hango ka kafin ku yi taho-mu-gama. Filin na gwamnatin jiha ne. Ita ke biyan jami'an da ke sintiri, da masu kwashe shara, da masu gyara banɗakuna. To daga aljihun wa?

Akwai asusu na musamman da aka ware wa wannan harka, kuma asalinsa wata doka ce ta 1971 da ake kira da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Gene Chappie da Ed Z'berg. Na farkon mai sha'awar tuƙi a daji ne, na biyun kuwa mai rajin kare muhalli. Haɗuwar tasu ita ce ruhin dokar: tunda ba za a iya hana mutane wannan wasa ba, gara a keɓe musu wuri, a sa ido a kansu, su kuma su biya. A 1982 aka kafa sashe mai zaman kansa a ƙarƙashin hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar domin ya riƙe aikin. Shekara da shekaru shirin yana da wa'adi, sai majalisa ta sabunta shi in ya kusa ƙarewa, har zuwa 2017 da aka cire wa'adin, ya zama na dindindin.

Kuɗin asusun na shigowa ta ƙofa uku. Biyu daga ciki ba su da wuyar ganewa: kuɗin shiga filayen, da kuɗin rajista. Abin hawan da ba shi da lambar hawa titi dole a yi masa rajista ta daban, a ba shi koren sitika da za a manna a jikinsa, ana biyan sama da dala 50 kaɗan duk shekara biyu.

Ƙofa ta uku ita ce babba, ita ce kuma ta fi buƙatar bayani: harajin mai. A Amurka duk galan ɗin fetur da ka saya akwai haraji a cikin farashinsa, na tarayya da na jiha, kuma an tsara shi ne don gina tituna da gyara su. To mutumin da ya cika jarka a gidan mai, ya tafi ya ƙone ta a kan yashi, ya biya kuɗin kwalta alhali tayarsa ba ta taɓa kwalta ba. Dokar ta ce a cire kasonsa a zuba a asusun masu tuƙi a daji. Hujja ce mai kyau a takarda. Matsalar ita ce babu wanda ke tsayawa a bakin famfo yana tambayar mai saye ina zai kai man. Ƙiyasi ake yi, kuma duk inda aka ce ƙiyasi ne ke raba kuɗi, gardama ba ta ƙarewa. Masu babura na cewa ana tauye su, masu adawa da su na cewa an kumbura lissafin.

Saboda wannan tsari ne za ka ji masu wasan suna bugun ƙirji cewa ba su ci ko sisi daga baitulmalin jama'a ba, kuɗinsu ne ake dawo musu da shi. Da gaskiyarsu, amma rabi. Haraji ne dai, gwamnati ce ta karɓa, majalisa ce kuma ke amincewa da kashe shi a kasafin kowace shekara. An ma ga haka a fili lokacin da jihar ta shiga matsin kuɗi a wajejen 2008 da 2009, majalisa ta miƙa hannu ta ranci kuɗi daga asusun domin toshe giɓin babban kasafi. Masu babura ba su manta ba har yau.

Yaya ake kashewa? Kaso ɗaya na tafiya ne wajen gudanar da filaye tara da jihar ta mallaka don wannan wasa, ciki har da Oceano Dunes da Heber Dunes. Ɗaya kason tallafi ne da ake bai wa wasu: ƙananan hukumomi, hukumomin tarayya masu riƙe da filaye da dazuzzuka, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, da ƙungiyoyin sa-kai. Gyaran doka na 2007 ya fayyace rabon tallafin. Kashi 50 cikin 100 na kula da wurare da hanyoyi ne, kashi 25 na farfaɗo da ƙasar da tuƙi ya lalata, kashi 20 na jami'an tsaro, kashi 5 na wayar da kai da koyar da kiyaye haɗari. Mai neman tallafi a galibin ayyuka shi ma sai ya kawo nasa kason, ko da kuɗi ko da aikin hannu na 'yan sa-kai. Wato rubu'in tallafin tun farko an ɗaure shi ne ga gyaran ɓarna, kuma wannan a ganina shi ne wurin da dokar ta fi nuna hankali, don ta amsa da bakinta cewa wasan na yin ɓarna.

Jigayin da suka fi girma a jihar ba na jiha ba ne ma. Imperial Sand Dunes, can kudu maso gabas kusa da iyakar Meziko, tsawonsu ya kai wajen kilomita 64, kuma hukumar kula da filaye ta tarayya ce ke riƙe da su. A can ana sayen takardar izini a lokacin sanyi, daga Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, sa'ad da jama'a ke tururuwa. Wata dokar tarayya ta 2004 ta ba da damar mafi yawan irin wannan kuɗi ya zauna a inda aka karɓe shi. Hukumar kan kuma nemi tallafi daga asusun jihar. Akwai ma wani shirin tarayya da ya samo asali a 1991, shi ma daga harajin mai, wanda ke bai wa jihohi kuɗin hanyoyin shaƙatawa: kashi 30 na masu inji, kashi 30 na masu tafiya a ƙafa ko keke ko doki, kashi 40 na hanyoyin da ake haɗuwa a kai.

Inda maganar "kuɗinmu ne" ta ci karo da bango shi ne Oceano. Akwai wata 'yar tsuntsuwar bakin teku da ke cikin jerin halittun da dokar tarayya ke karewa. Ba ta saƙa sheƙa. Ɗan rami take tonawa a yashi ta zuba ƙwai masu ɗigo-ɗigo, kalarsu ɗaya da ƙasar, direba ba zai gan su ba ko da ya so. Don haka daga Maris zuwa Satumba ake kewaye wani yanki da shinge, ana ɗaukar ma'aikata su riƙa ƙirga ƙwai da 'yan tsaki. Sai kuma ƙura. Mazauna Nipomo Mesa, wani yanki da ke kusa, waɗanda iska ke bi ta kan jigayin kafin ta isa gare su, sun daɗe suna kukan ƙura mai laushi da ke shiga huhu, irin wadda duk wanda ya sha hunturu ya san yadda take kama maƙogwaro. A 2018 hukumar kula da tsabtar iska ta gundumar ta cimma yarjejeniya da hukumar wuraren shaƙatawa kan rage ƙurar. Aka shiga kafa shingayen tare iska da dasa tsirrai a kan yashi, filin tuƙi na ta raguwa. Asusun masu babura ne ke ɗaukar nauyin wannan aiki, abin da ke musu ciwo ke nan: da kuɗinsu ake rage musu fili. Su kuma suna jayayya cewa yawancin ƙurar aikin iska ne, ko da mota ko babu.

A Maris na 2021 hukumar kula da gaɓar teku ta jihar ta kaɗa ƙuri'a, ba wanda ya ƙi, cewa a daina tuƙi a jigayin cikin shekara uku. Ƙungiyar masu goyon bayan tuƙi a jigayin, Friends of Oceano Dunes, ta garzaya kotu. A 2023 kotu ta ce hukumar ta wuce gona da iri, a 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Sai dai ba a kan kuɗi aka yanke shi ba. Kotun ba ta ce wanda ya biya harajin mai ya sayi 'yancin hawa yashi ba. Cewa ta yi tsarin amfani da gaɓar teku na gundumar, wanda hukumar da kanta ta amince da shi, ya halatta tuƙi a wurin, don haka mai son a rufe sai ya bi hanyar gyara wancan tsarin tukuna.