Rhodiola rosea

Rhodiola rosea tsiron daji ne mai ganye mai kauri da ke ajiye ruwa, daga dangin Crassulaceae. Yana fitowa a tsagar duwatsu da gangaren tsaunuka masu sanyi na arewacin duniya: Siberiya da tsaunukan Altai, Norwe, Ayislan, Sikotland, Girinland da arewacin Kanada. A Turai kuma yana gangarowa kudu har tsaunukan Alps, Pyrenees da Carpathian. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, shi ya raɗa masa wannan suna a 1753.

Gajere ne, tsayinsa daga santimita 5 zuwa 40. Rassa da yawa kan fito daga saiwa ɗaya mai kauri, kowane reshe ya ɗauki curin ƙananan furanni rawaya a kansa idan lokacin zafi ya shigo. Namiji daban yake, mace daban, kamar dabino, ƙwari ne ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Da hunturu ya kama sai rassan su bushe, saiwar ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara har shekara ta zagayo.

Darajar tsiron duk a saiwar take. In an yanka ta ɗanya sai ta ba da ƙamshi irin na furen wardi. Likitan Girka Dioscorides ya ambace ta tun ƙarni na 1 miladiyya. Mutanen Siberiya da Sikandinabiya sun daɗe suna jiƙa ta ko dafa ta su sha domin gajiya da jure wahalar sanyi, Inuwit, 'yan asalin Girinland da arewacin Kanada, kuwa sukan ci ganyen da tohon. Masu bincike na Tarayyar Sobiyet sun duƙufa a kanta a shekarun 1960, kuma sinadarai biyu, rosavin da salidroside, su aka fi aunawa a cikinta. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ita a matsayin maganin gargajiya mai rage gajiya da kasala na ɗan lokaci. Wannan amincewa ta dogara ne ga daɗewar amfani da ita. Abin da 'yan kasuwa ke tallatawa ya zarce abin da gwaji ya tabbatar nesa ba kusa ba.

Kasuwar nan ce ta jawo wa tsiron matsala. Yana shekaru kafin saiwarsa ta ƙosa, mai haƙa kuwa tumɓuke shi yake yi gaba ɗaya, abin takaici a wuraren da ba ya saurin maye gurbinsa. Ƙarancinsa ya sa wasu ke gauraya shi da ɗan uwansa Rhodiola crenulata na tsaunukan Tibet. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Panama a Nuwamba 2022 an saka dukkan jinsin Rhodiola a rukuni na biyu, wato ba a fitar da ɗanyar saiwar zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Yanzu ana noma shi a Finland da lardin Alberta na Kanada.